Zanen Kawu a kan goran ruwa: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau muka fito da zanen Kawu daga ɗakin ajiya na bayan zaure, a gidansa na Hausare. Talatin da ɗaya muka ƙirga. Bakwai gara ta riga mu, biyu kuma yoyon daminar bana ya jiƙa su har katakon ya kumbura ya rabu falle-falle. Sauran muka jingina a katanga, Inna na ta faɗa wai mun tare mata hanyar madafa da tarkacen Malam.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu ƙanin mahaifiyata ne, malamin firamare da ya yi ritaya bayan ya koyar a Pitowa da Gidar da nan Garwa, a arewacin Kamaru. Tun kafin a haife ni yake zane. Da yana zana mutane da shanu da kwale-kwalen Binuwai, daga baya ya bar duk wani abu mai rai ya koma launi zalla. Babu fuska, babu bishiya, babu abin da za ka nuna da yatsa ka ce ga kaza. Shi "zane marar sura" yake ce masa, ni ma haka zan riƙa faɗa. Fentin kanti kaɗan ne a aikinsa. Jar ƙasa ce, da yashin bakin kogi da ya tankaɗe, da toka, da baƙin tukunya, da shuni, ya kwaɓa da ƙaro ya shafa a katakon silin.

Ni kuma shagon bugu gare ni kusa da babbar kasuwa: riguna, kofuna, tsarabar biki, lambar yabo ta makarantu. Shawarar da na kawo masa ita ce mu zaɓi goma sha biyu in buga su a farantin alminiyam, wanda tsofaffi ke kira goran ruwa, girman santimita 30 da 40. Gara ba ta cin ƙarfe, laima ba ta kumbura shi. Ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce, "To ɗana, gwada. Amma in ya fito kamar tiren shayi kada ka sa sunana."

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ƙanwata ta kira daga Marwa tana tambaya ko fenti zan shafa wa ƙarfen. Tunda ita ma da ta sha zama a shagona ba ta gane ba, bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ba ƙarfen ne ke shan tawada ba. An shafe fuskarsa da wani siririn rufi na foliyesta, dangin zaren rigar 'yan ƙwallo. Ana buga hoton a juye a kan takarda ta musamman da tawada ta musamman, a kifa takardar a fuskar farantin, a danne a injin zafi wajen digiri 200. In zafin ya kai, tawadar ba ta narkewa ta zama ruwa, turiri take zama kai tsaye, rufin ya shanye ta, in ya huce ya rufe da ita a ciki. Shi ya sa in ka shafa hannu sumul za ka ji. Mu a shago bugun turiri muke cewa. Wani abu da ya kamata a riƙe: babu farar tawada a wannan sana'a. Duk farin da ka gani a hoto, farin farantin ne aka bari.

Firintata Epson L1800 ce mai launi shida, tana cin takarda har santimita 32.9 da 48.3, saboda haka 30 da 40 ya shiga har da ɗan baki. Irin waɗannan ake juyawa zuwa bugun turiri domin kansu ba ya dafa tawada kafin ya fesa ta.

Faranti iri biyu na yi oda daga Duwala. Ashirin masu araha, sirara kamar gwangwanin madara, na gwaji. Sai goma na ChromaLuxe, na wani kamfanin Amurka da ke jihar Kentaki, kaurinsu milimita 1.14: shida marasa sheƙi, biyu masu sheƙi, biyu kuma waɗanda ba a sa wa fari ba, ƙarfen ake gani ta cikin rufin. Za su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can ajans, wato kamfanin motocin safa, ta sauko da su. Kafin su iso hannuna kowane ɗaya ya tasar wa sefa jaka tara.

Abin da ke ba ni dariya, tun 1957 ake narka alminiyam a Edeya, ga kuma ƙasar da ake fitar da shi daga cikinta jibge a Minim da Martap, nan kusa a yankin Adamawa. Amma farantin da zan buga zanen jar ƙasar Garwa a kai sai ya ƙetaro teku.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ɗaukar hoto. Na ari kyamarar abokina mai ɗaukar biki, megafiksel 24, wato ɗigo 6000 a tsawo 4000 a faɗi. Don bugu ya fito tas ana son ɗigo 300 a kowane inci, faranti mai 30 da 40 kuwa yana neman wajen 3540 da 4720. Ta isa har da rara, muddin zanen ya cika idon kyamarar.

Da farko na ɗauka da hantsi a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Ashe ɓata lokaci na yi. Ganyen ya zuba wa komai kore-kore, katangar Inna mai ruwan hoda ita ma ta ƙara nata. Sai muka koma zaure bayan isha'i muka rufe ƙofa. Fitila biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowacce a kusurwar digiri 45, kyamara a kan ƙafarta daidai tsakiyar zanen. A gefen kowane zane na jingina ɗan kwalin nan mai ruwan toka da masu hoto ke auna haske da shi, don in na zauna gaban kwamfuta in san inda launin gaskiya yake.

Kawu na zaune a buzunsa yana jan carbi, bai ce uffan ba. Sai da muka zo kan na shida ya ce, "Wannan a kife ka ajiye shi." Na ce, "Kawu, ta yaya kuka sani?" Ya ce, "Kai ta yaya kake sanin an sa hula a baibai?"

Asabar, 14 ga Disamba

Kaya sun iso ranar Alhamis, kwalin ya sha matsa amma cikin lafiya lau.

Faranti na farko da hannuna na kashe shi. Akwai siririyar leda da ke kare fuskarsa, ban ɓare ba, sai ƙauri muka ji. Na biyu na manta ban juya hoton ba, dama ta koma hagu. Yaron shagona ya ce, "Maigida, ai a wannan irin zanen ba wanda zai gane." Na tuna maganar hula, na ce jefa shi cikin na gwaji. Na uku takardar ta motsa lokacin da na ɗaga injin, kowane layi ya fito da inuwarsa a gefe kamar idon mai maye. Laifin rowar salatif ɗin zafi ne, yanzu kusurwa huɗu nake mannewa.

Na huɗu ne ya fito a matsayin hoto. Amma baƙin tukunyar Kawu ya koma ruwan ƙanzo. Ƙa'idar da na sani tun daga bugun kofi ita ce, baƙi in ya yi kore-kore bai nuna ba, in ya yi ja-ja ya ƙone. Na rage lokaci, ya gyaru. Allah ya sa duk a kan masu arahar ne.

Na jingina shi a kantar shago na ja da baya na duba. Launi ya yi kyau, yana ta ƙyalli. Tiren shayi ne sak. Ban kai wa Kawu ba.

Alhamis, 26 ga Disamba

Hazo ya sauka, tsallaken kogi ma ba a gani. Ƙwayar ƙura ɗaya ta shiga tsakanin takarda da faranti, farin ɗigo ke nan har abada, ba gogewa ba cikewa. Kuma da ka ɓare ledar nan farantin sai ya riƙa jawo ƙura kamar maganaɗisu. Uku na yi asara a mako ɗaya.

Mun kewaye lungun injin da labulen leda, muna yayyafa ruwa a ƙasa kafin mu fara, a goge faranti da ƙyalle marar gashi, a kifa takarda nan take ba tare da an tsaya gaisawa da kowa ba. Amfanin hunturu ɗaya: takarda a bushe take ƙayau, ba laimar da za ta yi tabo.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yau na kai masa na farko a kan faranti mai kyau marar sheƙi, wanda a gida muke kira mai jar ƙasa. Na ajiye shi kusa da na asali a zaure. Ni dai a ganina ba su da maraba, har na fara jin kaina.

Kawu ya duba, ya duba. Sai ya rufe ido ya ɗora tafin hannunsa a kan na asali, ya bi shi a hankali daga sama zuwa ƙasa, ina jin ƙarar yashin a fatarsa. Ya ɗauke hannun ya ɗora a kan nawa. Shiru, ba ƙara. Ya buɗe ido ya ce, "Ina yashin?"

Na ce, "Kawu, ƙarfe ba ya ɗaukar tudu, sai launi."

Ya ce, "Hannu ba zai ji ba, na yarda. Ido fa? A nawa kowace ƙwayar yashi tana da inuwarta. Kai ka kashe inuwar."

Gaskiyarsa. Fitila biyun nan da na daidaita dama da hagu, waɗanda duk mai koyar da ɗaukar hoton zane zai ce ka yi, aikinsu ke nan: kowacce ta cinye inuwar 'yar'uwarta. Ga zanen fentin mai da ke kwance lumui daidai ne. Ga na Kawu, wanda rabin maganarsa tudu da kwari ne, an yi masa aski ne har da gira.

Daren nan muka sake ɗauka. Na rage fitilar dama sosai, na ɗaga ta hagu na matsar da ita kusa da bango har haske ya riƙa shafar fuskar zanen a kwance. Nan take yashin ya tashi, sawun yatsunsa ya fito, har inda ya ja ƙasar da bakin cokali. Sai dai wata matsala ta ɓullo wadda ban taɓa tunaninta ba. Na asali yana sauyawa da tafiyar rana, da safe wani abu ne, da yamma wani abu. Na ƙarfe kuwa lokaci ɗaya za mu kama mu kulle, inuwar ta tsaya a nan ke nan. Na ce masa to wane lokaci za mu kama?

Bai yi dogon tunani ba. Ya ce la'asar sakaliya, haske daga hagu. Ashe duk zanen nan bayan an tashi daga makaranta ya yi su, a ɗakin da tagarsa ke hagunsa. Muka yi ta matsar da fitila yana cewa ƙara, rage, har ya ce tsaya nan. Na sa alli na zana inda ƙafar fitilar take a daɓen zaure, na roƙi Inna kada a share.

Hotunan Disamba duk sun tashi a banza. Sha biyun za a sake.

Talata, 21 ga Janairu

Kwana biyu bugu na fitowa da tsakiya mai kyau, gefe a kode. Na ari bindigar auna zafi wurin wani mai gyaran firiji, irin wadda aka yi ta nuna mana a goshi lokacin korona amma ta masu sana'a. Allon injin na cewa 200, tsakiya 196, kusurwa 183. Da magariba kuwa, lokacin da kowa ya kunna kayansa kuran, wato wutar lantarki, ya yi rauni, injin sai ya yi ta fama bai kai ba.

Duk arewa a madatsar Lagdo mai megawat 72 muke rataye, ko da yake an ƙara tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kowa ya san sauran. Ƙaramin gurup ɗina, wato janareta, kuma ba ya ɗaukar injin zafi, da na gwada sai ya yi tari ya mutu. Saboda haka na mayar da bugun faranti bayan asuba, in bar injin ya yi rabin awa yana ɗumi kafin in sa komai.

Na kuma fara wani gwaji. Ɗaya daga cikin masu arahar da suka fito da kyau, na rufe rabinsa da kwali na ɗaure shi a kan rufin shago yana kallon sama. Mu ga abin da ranar Garwa za ta yi masa.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mako uku ban taɓa aikin Kawu ba. Rigunan bikin matasa na 11 ga wata suka sha kaina, makarantu biyar, kowacce tana so jiya. Da kuɗinsu na yi odar wasu faranti goma.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zanen nan mai shuni ya kusa sa ni in ajiye aikin nan.

A allon kwamfuta daidai yake. A faranti sai ya karkata zuwa shunayya kamar bawon jar albasa. In na janye ja, ya koma bulun rigar makaranta. In na ƙara duhu, ya dunƙule ya zama baƙi, duk layukan da Kawu ya bi da buroshi su ɓace. Fayil ɗin daidaita launi da mai sayar da tawada ya ba ni don wata takarda aka yi shi, ba tawa ba, kuma allo da haske yake nuna launi, faranti da tawada, akwai shuɗin da allo ke iyawa tawada ba ta kai can.

Da na gaji da cacar faranti sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na yanko ɗan yanki ɗaya na zanen, na jera shi gida ashirin da huɗu a faranti guda mai araha, kowane gida da ɗan bambancin ja da shuɗi da baƙi, na sa musu lamba. Na kai gidan Kawu muka tsaya a bakin zaure da hasken rana, na asali a hannunsa, jerin a hannuna. Ya ce sha bakwai. Inna da ke wucewa da ƙwarya ta leƙo ta ce sha bakwai. Magana ta ƙare.

Sai dai marasa sheƙin sun ƙare, sababbin ba su iso ba, masu sheƙi biyun nan kawai suka rage, waɗanda tun ranar tiren shayi na tura ƙarƙashin kanta. Na ce bari in gwada lamba sha bakwai a kan ɗaya, don dai in ga launin.

Da ya huce na ɗaga shi wajen ƙofa sai na yi tsit. Shunin ya yi zurfi kamar rijiya, kuma in ka karkata shi wani ja-ja na gilmawa a samansa. Na naɗe shi a tawul na hau mashin.

Kawu ya karɓa ya karkata shi dama, ya karkata hagu. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Wannan ba zanena ba ne." Gabana ya faɗi. Ya ce, "Rawanin babana ne. Ɗan Kura, ranar da aka kawo shi daga wurin masu bugu." Wanda ya taɓa ganin baƙin rawanin da aka buga da shuni a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli, irin wanda Buzaye ke saye da tsada, ya san abin da yake nufi. Ya ce shekara da shekaru wannan ƙyallin yake nema a katako, ƙaro ba ya ba shi, da ya bushe sai ya dushe.

Na ce, "To Kawu, a sa sunanku ko kada a sa?" Ya ce, "Sa. Amma ka rubuta a baya cewa bugu ne." Mun tsaya a kan haka: masu ƙasa da yashi a marar sheƙi, masu shuni a mai sheƙi.

Juma'a, 7 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya fara. Tsayuwa gaban injin digiri 200 da bakin azumi ba abin wasa ba ne, don haka daga sahur zuwa fitowar rana nake bugu, aikin kwamfuta bayan tarawi.

Cikin sha biyun akwai wanda gara ta ci kusurwarsa ta ƙasa, ta bi ta cikin launin ta bar hanyoyi kamar jijiyar ganye. Dare uku na yi ina cike su a kwamfuta, ina ɗebo launi daga gefe ina lulluɓewa, har ba mai cewa an taɓa. Na nuna masa a waya ina jiran yabo. Ya ce, "Wa ya aike ka?" Na ce ai gyara na yi. Ya ce, "Shekara nawa tana aikinta a kai, kai ka share a dare uku. Hanyar da ta bi ta nan ta fi wadda na bi. Mayar mata da abinta."

Na mayar. Kuma tunda hanyoyin garar fari-fari ne, launin katakon da ta tone, sai na buga shi a faranti marar fari, inda duk wuri mai haske ƙarfe ne ke bayyana. Sawun garar ya fito kamar an zuba azurfa a cikin jar ƙasa. Sauran launukan sun ɗan yi duhu, dole na buɗe su kafin bugu na biyu. A cikin duk waɗanda muka yi, wannan ne ya fi nisa da na asali, kuma shi na fi so, ko da yake ban faɗa wa Kawu ba.

Talata, 18 ga Maris

Ƙarfe biyu na dare maigadin layinmu ya kira wai ya ji ƙara a shagona. Ba ɓarawo ba ne, mai jar ƙasa ne ya faɗo daga bango, kusurwarsa ta lanƙwashe.

Kafinta ya yi mini ƙaramin firam na katako da ake mannawa a baya, don farantin ya tsaya nesa da bango kaɗan kamar yana shawagi. Da salatif mai fuska biyu na manne shi. Zafin Maris, a shago mai rufin kwano da ke kulle, ya narkar da gam ɗin. Ga shi alminiyam na miƙewa da zafi fiye da katako, kullum suna ja-in-ja. Na ɓare duka shida da na riga na manne, na kankare, na sake da gam ɗin silikon irin na masu gilashi, wanda ko ya bushe yana da ɗan laushi. Kwana guda a kwance da littattafai a kai kafin a rataya.

Jaka tara ta tafi. Lanƙwasasshen yana gidana yanzu, matata ta ce ba ruwanta da kusurwa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Da sallah muka rataya bakwai a zauren Kawu, a bangon da ƙofa ke hagunsa. Ba wani baje koli ba ne, masu zuwa gaisuwar sallah ne suka gani.

Wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Yawunde ya tsaya yana bayani wai wannan salon Turawa ne, ya ambaci Kandinsky da Malevich mai baƙin murabba'in nan na 1915. Ba ƙarya ya yi ba, a tarihin zanen Turai wajen shekarun nan ne aka fara barin sura, wata 'yar Suwidin ma, Hilma af Klint, tun 1906 ta fara. Amma yana maganar ne da hula zanna a kansa da aska takwas a ƙirjin rigarsa. Na so in ce ya duba madubi, na tuna sallah ce. Mu da muka tashi muna ganin zayyanar allo, da zanen ƙwarya, da bangon fadar Lamiɗon Ngaundere, ba a Turai muka fara ganin launi da layi suna magana ba tare da fuskar kowa ba. Abin da ya zo mana daga waje shi ne rataya shi a bango shi kaɗai, ba a jikin riga ko ƙwarya ba. Kawu dai bai tanka ba, yana ta miƙa wa yara alawa.

Wata Hajiya maƙwabciyarsu ta ce tana son mai shuni, amma a mayar mata da shi kore don ya dace da labulenta. Na ce sai dai ta sauya labule. Ta yi dariya, ta ce in kai mata shi yadda yake. Ita ce cinikinmu na farko, jaka talatin da biyar. Dalilinta ma ya burge ni: ta ce falonta ne wurin sallarta, ba ta rataya hoton mai rai, kuma ta gaji da agogon bango.

Wani Alhaji mai masauki kuma ya ja ni gefe ya nuna mini zanen wani Bature a wayarsa, wai in sauko da irinsu daga intanet in buga masa ashirin, ya fi sauƙi. Na ce hoton waya in aka buɗe shi zuwa 30 da 40 dusa yake zama, kuma zanen mutane yana da masu shi. Maganarsa ce ta sa jiya na zauna da Kawu muka rubuta takarda, duk da ya ce tsakanin ɗa da uba ba a rubutu. Dokar haƙƙin mawallafi ta Kamaru ta shekarar 2000 ta bar wa mai zane haƙƙinsa duk rayuwarsa, magadansa kuma shekara 50 bayansa, ni kuwa ba na so wata rana 'ya'yansa su ce na ci da gumin tsohonsu. Kowane zane guda goma kacal za a buga, a sa lamba a baya, ya sa hannu, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nasa ne. Limamin unguwa ya shaida.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na sauko da farantin rufi bayan wata uku da 'yan kwanaki. Da na cire kwalin, layin ya fito a fili: ɓangaren da rana ta buga ya kode, jan ya fi shan wuya. Ba mummuna ba ne, amma ido na gani. Daga yau duk wanda ya saya zan gaya masa na cikin ɗaki ne, kada a rataya inda rana ke dukansa. Mai araha ne na gwada, na ɗaure guntun mai kyau a wurin don in kwatanta.

Inda muke: takwas sun kammala. Uku na jiran faranti. Ɗaya kuma mun cire shi, mai toka. Fari ne a kan fari, toka da farin yashi, duk abin da ke cikinsa tudu ne da kwari. Sau uku na buga shi, da hasken la'asar da wanda ya fi shi kwanciya, kowane karo sai ya fito kamar bangon da aka yi wa shafe ba a gama ba. Kawu ya duba na ukun ya ce, "Bar shi, ɗana, wannan ba ya hawa ƙarfe." Na kai na asalin wurin kafinta a sa wa bayansa maganin gara, a yi masa akwatin gilashi. Kawu zai zaɓi wani a madadinsa, ya ce sai ya yi tunani.

Alhajin masaukin ya dawo, yanzu na Kawu yake so, amma manya, 40 da 60. Injin zafina zai ɗauka, kyamarar ma za ta ba da wajen ɗigo 250 a inci, wanda ya isa ga abin da ake kallo daga nesa. Firintar ce ba ta kai ba, sai mai faɗin inci 24. Akwai mai irinta a Duwala da zai buga mini takardun ya turo a naɗe, sai dai tawadarsa ba tawa ba ce, ke nan lamba sha bakwai ta tashi, sai an sake jerin gida ashirin da huɗu daga farko. Na tura masa fayil ɗin gwajin jiya.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma. Na sayi bokiti mai murfi na zuba takardun bugu a ciki saboda laima, gobe kuma mai gyaran rufi zai hau ɗakin ajiyar Kawu, don sauran na asalin har yanzu a can suke.